Wa ke ɗaukar mai ɗaukar marasa lafiya?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ni ma'aikacin ambulan ne a nan Kumasi, bana shekarata ta bakwai. Na kwashi waɗanda mota ta niƙe a hanyar Accra da ta Techiman, na karɓi haihuwa a bayan mota muna gudu, na ɗauki wanda inji ya cinye wa hannu. Duk wannan, in na dawo gida na yi wanka na ci tuwona, barci nake yi.

Sati biyar da suka wuce muka ɗauko wata yarinya daga wani ƙaramin asibiti za mu kai ta babba. Ba ta wuce shekara shida ba, numfashinta sama-sama. Uwarta na zaune kusa da ni, riƙe da silifar yarinyar ƙafa ɗaya, ruwan hoda. Inda muka fara zuwa aka ce babu gado. Na biyu ma haka. Muna hanyar na uku, cikin cunkoso, jiniya na ta kuka ba mai matsawa, ƙirjinta ya tsaya. Na yi ta dannawa ina ba ta iska har ƙofar asibiti. Likita ya duba ya girgiza kai. Uwar ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Sannu ɗana, ka yi ƙoƙari." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar ban sake barcin kirki ba. Da na rufe ido sai silifar nan. 'Yata ta uku sa'arta ce, in ta yi tari da dare sai in zabura in haska mata fitila. Na daka wa matata tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na gaya wa wani babba a wajen aiki, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai namiji ne, daure." To na daure sati biyar. Tambayata ga waɗanda suka san aikin nan: wannan juriyar da ake faɗa, koyonta ake yi ko da ita ake haihuwar mutum? In koyo ake yi, a ina?

Hajiya Alabar:
Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa mai ceton iyayenta ce. Ɗana, ina karantawa ina hawaye. Allah ya saka maka.

Malamin Sawaba:
Allah ya jiƙanta. Ƙanena, ajali ba ya jiran gado. Ranar yarinyar ce ta cika, ko a hannun likitoci goma take za ta tafi. Ka riƙe azkar na safe da yamma, ka kwanta da alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu. Kuma ka tuna ayar Suratul Ma'ida, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne baki ɗaya. Rai nawa Allah ya raya ta hannunka a shekara bakwai? Kar shaiɗan ya sa ka manta da su ka riƙe guda ɗaya.

Ɗan Aboabo:
Na gode Malam. Ina yi, ban bari ba. Kuma ban yi jayayya da ƙaddara ba. Kaina ya yarda, jikina ne ya ƙi yarda. Ina kan sallaya zuciyata na bugawa kamar ina cikin motar.

Anti Nas:
Ƙanena, wannan jimlar taka ta ƙarshe ita ce maganar gaba ɗaya, kar kowa ya wuce ta. Na yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin gaggawa kafin na koma ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka bari in ɗan tsawaita.

Lokacin da kake danna ƙirjin yarinyar, jikinka ya zubo sinadaran tashin hankali, adirenalin da kotisol, don hannunka ya yi sauri idonka ya buɗe. Rahama ce, da ita kake aiki. Ga yawancin mutane abin yana lafawa cikin kwanaki ko 'yan makonni. Wani lokaci kuma sai ya ƙi sauka, jiki ya ci gaba da zama kamar har yanzu ana cikin motar. Daga nan ne mafarki ke zuwa, da zabura, da saurin fushi, da ganin abin a ido da rana tsaka, da gudun duk abin da zai tuna maka. Ba raunin imani ba ne, ba ragwanta ba ce. Wanda hawan jininsa ya tashi ba a ce masa imaninsa ne ya yi ƙasa.

Ka'idar da muke bi ita ce: in alamun nan sun wuce wata guda kuma suna taɓa aikinka ko zaman gidanka, lokacin ganin ƙwararre ya yi. Kai ka ce sati biyar, ka ce ka fara yi wa iyali tsawa. Ba zan sa maka sunan ciwo ta waya ba, amma ka cika sharaɗin a duba ka. Kuma abin yana da magani, wannan nake so ka ji da kyau. Akwai magani na zama da tattaunawa wanda aka tsara musamman don irin wannan firgicin, ana bin abin da ya faru daki-daki har ƙwaƙwalwa ta ajiye shi a matsayin abin da ya wuce. Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa a Gee, wato asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai a asibitin Tafo, kuma asibitocin gunduma da yawa suna da nas na lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba sai an je manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ba.

Abu ɗaya nake roƙonka: kar ka sayi ƙwayar barci a kemis ka fara sha da kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2013, ta hana ba da irin su diazepam don rage firgici a watan farko bayan tashin hankali. Suna kwantar da mutum yau, gobe su riƙe shi.

Malamin Sawaba:
Hajiya Nas, ban ce kar ya je asibiti ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce a nemi magani. Kuma ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu idanunsa sun zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. To wa ya isa ya ce namiji ba ya kuka bayan wannan? Wanda ya ce masa "daure" kawai ya juya, bai ba shi haƙƙinsa ba. Haƙuri daban, haɗiye abu daban.

Anti Nas:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Da za ku riƙa faɗar wannan a huɗuba da kun rage mana rabin aiki. Mutanenmu na zango sai sun ji daga bakinku kafin su taka ƙofarmu, saboda tsoron kar a ce sun haukace.

Baba Tsohon Direba:
Yaro, bari in ba ka labarin da ban cika bayarwa ba. Ranar 9 ga Mayu 2001 ina cikin filin wasa na Accra. Motar magoya bayan ƙungiyar ƙwallonmu ta Kotoko na tuƙa daga nan. Hearts, ƙungiyar Accra, ta ci biyu da ɗaya, aka fara jifa da kujeru, aka harba barkonon tsohuwa, mutane suka ruga matakala ƙofofi a rufe. Rai 126. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma daren nan kowa ya zama. Da hannunmu muka riƙa jawo mutane muna jerawa, muna sa su a tasi da bayan motoci zuwa asibitin sojoji na 37. Akwai wani saurayi da na ɗauka a kafaɗa, ina jin ɗuminsa, ina ce masa mun kusa, ashe tun a matakala ya cika.

Na dawo Kumasi ba wanda ya tambaye ni komai sai "Alhamdu lillahi ka tsira." Ni ma na ce Alhamdu lillahi na yi shiru. Shekara kusan goma ko sharhin ƙwallo na ji a rediyo sai in tashi in bar wurin. A masallacin Juma'a sahun ƙarshe nake tsayawa kusa da ƙofa, kowa na zaton latti nake yi. Uwargidana ta sha wahalata, Allah ya jiƙanta, ta rasu ban taɓa gaya mata dalili ba. Wannan shi ne abin da ke ci na har yau.

Bayan wannan musibar ne aka kafa hukumar ambulan ta ƙasa a 2004. Wato aikin da kake yi, daga gawarwakin daren nan ya tsiro. Shi ya sa in na ji jiniyarku nake gangarawa gefe tun kafin ku iso. Kar ka yi irin shirun da na yi. Ka fara da matarka.

Ɗan Aboabo:
Baba, ban san abin da zan ce ba. Allah ya jiƙan Inna.

Abokin Aiki Nima:
Salam daga Accra. Aiki ɗaya muke yi da mai tambaya, kuma ina bakin aiki daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Circle, shataletalen Kwame Nkrumah da ke cikin Accra, mutum sama da 150 suka tafi. Har yau in hadari ya haɗo na ji warin fetur, cikina juyawa yake yi. Don haka ba daga nesa nake magana ba.

Amma ku yi haƙuri, ni kalmar juriya ɗin nan ta fara ba ni haushi. Duk lokacin da ma'aikaci ya durƙushe sai a kira taro a otel, a kawo mai magana, a ce mu koyi numfashi, a raba ruwa da biskit. Washegari ka koma dutin da ba ka san lokacin tashi ba, da tukunyar oksijin da kake lissafin ko za ta kai ka, da asibitin da zai ce maka babu gado. Ku duba labarin ɗan'uwan nan da kyau. Jini bai karya shi ba, shekara bakwai yana gani. Abin da ya karya shi shi ne ya san abin da yarinyar ke buƙata, ya san akwai shi a garin, aka rufe masa ƙofa sau biyu. Wannan ba numfashi ke gyara shi ba. A 2020 an raba ambulan 307, kowace mazaɓa ɗaya, kuma mun ji daɗi, ba na raina shi. Amma mota kai mutum take yi, ba ta kwantar da shi. In jaki ya faɗi da kaya, rage kayan ake yi, ba wa'azin ƙarfin hali ake yi masa ba.

Sista Asawase:
Yaya na Nima ya faɗi abin da ke bakina. Mu ma da muke cikin ɗakin gaggawa ba daɗi muke ji ba in muka ce babu gado. Ka san me ake ji in ka dubi ɗan'uwanka ma'aikaci a ido, mara lafiya na bayan motarsa, kai kuma kana da mutane a kan kujera da ƙarin ruwa a hannu, wani a ƙasa? Ni ma ina tafiya gida da fuskokin waɗanda na juya. Kuma rabin 'yan ajinmu suna Ingila yanzu. Wanda ya rage yana yin aikin mutum biyu.

Anti Nas:
Ban ƙi ko ɗaya ba. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta sa gajiyar aiki mai cin rai a kundin rarraba cututtukanta a 2019, ba ta kira ta ciwon mutum ba. Ta ce abu ne da ke fitowa daga matsin wurin aiki da aka daɗe ba a magance ba: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya ga kamar ba ya tsinana komai. Wato tushen yana wurin aiki. Kuma abin da ƙanena na Nima ya bayyana, masu bincike a kan sojoji suna da suna a kansa, suna kiransa raunin lamiri: ka san daidai, aka hana ka yi ko ka kasa, sai laifin ya zauna a wuyanka.

Inda na rabu da kai shi ne nan. Gadaje ba za su ƙaru a daren yau ba, shi kuwa ɗan'uwanmu a daren yau yake buƙatar barci. Mu yi faɗan gyara ta ƙungiyoyinmu, da rubutu, da lissafin sau nawa aka juya mu da awa nawa muka yi a hanya, don takarda ce ke motsa na sama. Amma kar mu ce wa mai zubar da jini ya jira a gyara titi.

Abokin Aiki Nima:
Anti, na karɓa, da sharaɗi ɗaya: duk wanda zai koya mana juriya ya fara da jadawalin duti. Mutumin da bai yi barci ba babu dabarar da za ta zauna a kansa.

Anti Nas:
A nan kam ba mu da saɓani. Babba yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Barci ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke tace abin da ta gani. Ku da kuke dutin dare, ataya da goro da lemon ƙara kuzari suna raka ku har kan katifa. Ku yanke su awanni kafin tashi daga aiki, ku rufe taga da labule mai kauri, ku kashe waya.

Matar Ma'aikaci:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɓangaren gida, don mu ma muna cikin motar nan ko ba mu shiga ba. Maigidana shekara tara yana aikin. Daga yadda ya turo ƙofar gida nake sanin irin ranar da ya yi. In ya yi sallama da ƙarfi ya tambayi abinci, lafiya. In ya wuce kai tsaye bakin famfo ya tsuguna yana wanke kakinsa da kansa, ya hana ni taɓawa, to an rasa wani.

Da farko nakan bi shi da tambaya, me ya faru, waye, ina ne. Sai ya ƙara rufewa, mu kwana ba ma magana. Wata tsohuwa a gidanmu, wadda mijinta soja ne, ita ta ce mini in bar shi ya sauka tukuna. Yanzu abin da muke yi: in ya dawo a haka, na hana yara hawa kansa na rabin awa, na kai masa ruwan wanka, na ajiye koko ko shayi, na zauna kusa ina tsinke alayyafo ko wani abu, ba na cewa uffan. Sau da yawa shi da kansa zai fara. Ba ya ba ni labarin jini, ni ma ba na so. Zai ce dai, "Yau yaro ne," ko "Yau tsoho ne, ya yi kama da Baba." Ni kuma in ce Allah ya jiƙansa. Shi ke nan, amma ya fita daga cikinsa.

Yayana mai tambaya, matarka ta riga ta san akwai abu. Abin da ba ta sani ba shi ne ko ita ce ta yi laifi. Wannan zaton ya fi tsawar ciwo. Ka cire mata shi yau.

Hajiya Alabar:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wannan ita ce magana.

Matashin Tafo:
Ni ina shirin neman shiga makarantar horar da ma'aikatan ambulan ta Nkenkaasu, amma wannan zancen ya sa jikina ya yi sanyi. Wani yayana ya ce da ka yi shekara biyu zuciyarka za ta bushe ka daina jin komai. Gaskiya ne? In haka ne ai gara ta bushe da wuri.

Abokin Aiki Nima:
Ƙanena, ka nema, aikin yana da daɗin da ba a samu a ko'ina. Ranar da wanda ka danna wa ƙirji ya zo tasha da ƙafarsa yana neman wanda ya ɗauke shi, ba za ka manta ba. Amma kar ka yi addu'ar bushewar zuciya. Na ga waɗanda tasu ta bushe. Ba a kan mara lafiya kaɗai take bushewa ba, har a kan 'ya'yansu. Daga nan wani ya koma tramol don ya iya fita aiki, wani kwalba. Abin da ake koya shi ne ka ajiye jin a gefe lokacin da hannunka ke aiki, sannan ka dawo ka ɗauke shi in an gama. Matsalarmu ba mu dawowa.

Abin da ke rage tsoro a fili kuwa shi ne maimaita horo. In hannunka ya san aikinsa ba sai ka yi tunani ba, kanka ba ya rikicewa, kuma bayan an gama ba ka da yawan "da na sani".

Sista Asawase:
Bari in faɗi wani ƙaramin abu da muka fara a dutinmu, ba wanda ya umarce mu. In mara lafiya ya cika a hannunmu, kafin kowa ya cire safar hannu ya ruga gado na gaba, mukan tsaya minti ɗaya a kansa. Ni in yi Inna lillahi a zuciyata, abokiyar aikina 'yar Asante ta yi addu'arta ta coci, likita ya sunkuyar da kai. Babba a cikinmu ya ce, "Mun yi abin da za mu iya, na gode muku." Minti ɗaya tak. Da farko wasu na ganin ɓata lokaci ne, ga jan layi cike. Yanzu in aka manta, masu share ɗaki ma sukan tuna mana. Ban san me yake yi wa ƙwaƙwalwa ba a ilmance, na dai san ina komawa gida da sauƙi.

Matashin Tafo:
To me ya sa ba za a tara duk wanda ya je wurin haɗari a ranar ba, kowa ya faɗi abin da ya gani, a wuce wurin?

Anti Nas:
An daɗe ana yin haka a ƙasashe da yawa, zama ɗaya, kowa dole ya amayar da abin da ya gani da abin da ya ji. Da aka bincika sai aka ga ba ya hana ciwon, wasu ma yana ƙara musu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayansa. Ba a tilasta wa mutum buɗe ciki. Abin da ta fitar a 2011 shi ne taimakon farko na zuciya, mai ƙafa uku: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da abin da yake buƙata. Ya ci abinci? Yana da yadda zai koma gida? Akwai wanda zai kwana kusa da shi? In yana son magana ka ji, in ba ya so ka zauna.

Akwai kuma tsarin da sojojin ruwan Ingila suka fara, daga baya 'yan sanda da ma'aikatan ambulan na can suka ɗauka. Ana horar da wasu daga cikin ma'aikatan kansu, ba likitoci ba. In an yi mummunan aiki, bayan kamar kwana uku abokin aikin nan zai zauna da kai ya ji yadda kake, sannan ya sake dawowa bayan wata guda. In ya ga abin bai lafa ba ya raka ka wurin ƙwararre. Ba ya cin wani kuɗi mai yawa. Ku duba, da akwai irin wannan a tashar ɗan'uwanmu, da tun sati na huɗu an kama abin, ba sai ya zo nan da tsakar dare ba. Kuma mu ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In an yi rasuwa muna zuwa ranar uku, mu koma ranar bakwai, mu koma ranar arba'in, don mun san baƙin ciki ba ya ƙarewa ranar jana'iza. Wanda gawar ta cika a hannunsa ne kawai ba mai komawa wurinsa.

Sannan kai mai tambaya, ka nemi likitan gaggawa da ka yarda da shi ku bi aikin ranar tun daga farko: me ka gani, me ka yi, a wane minti. Tun 2009 ake horar da ƙwararrun likitocin gaggawa a nan Kumasi, ba za ka rasa wanda zai ba ka rabin awa ba. Sau da yawa "da na bi wata hanya" da ke cin mutum, in aka auna shi da ilmi sai a ga ba zai canja komai ba. In kuma akwai abin gyara, ka ji shi daga bakin masani ya fi ka yi ta yanke wa kanka hukunci da ƙarfe uku na dare.

Kalma ta ƙarshe, ba don kai kaɗai ba, don duk mai karantawa a ɓoye. In tunanin ɗauke ranka ya taɓa zo maka, kar ka kwana da shi kai kaɗai, ka gaya wa wani yau. Tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga laifukan da ake hukuntawa a Ghana. Ba mai kama ka, asibiti za a kai ka.

Baba Tsohon Direba:
Ni kuma ina da magana da mu mutanen gari, don kar mu zauna muna tausayi kamar ba mu da hannu. Yaron nan ya ce jiniya na kuka ba mai matsawa. Su waye ba su matsa ba? Mu ne. Direban trotro da ke lodin fasinja a tsakiyar titi, mai pragya, wato keke mai ƙafa uku, da ke kutsawa, mai mota da ke bin bayan ambulan don ya tsere wa cunkoso. Yaran da ke kiran lambar gaggawa ta 112 don wasa, 'ya'yan waye? In an yi haɗari a Anloga Junction ko Sofoline, kafin a sami mai kawo ruwa an sami hamsin masu ɗaukar bidiyo. Sannan in sun iso a hau su da zagi sun yi latti. Zan kai maganar nan tasharmu ranar taron direbobi, in sha Allahu.

Ɗan Aboabo:
Jama'a, kwana biyu ban leƙo ba, ku gafarce ni. Daren da Baba da 'yar'uwata matar ma'aikaci suka yi rubutu, na tashi matata na gaya mata komai, har silifar. Ta yi kuka, ni ma na yi. Ta ce sati biyar tana zaton aure zan ƙara ko bashi ya kama ni. Na yi barcin awa biyar a jere, rabona da haka tun ranar. Mafarkin bai tafi ba, jiya ma ya zo.

Na sami nas ɗin ƙwaƙwalwa ta hannun Anti, ranar Alhamis zan je. Abokin dutina, wanda ya tuƙa motar ranar, da na buɗe masa sai ya ce shi ma tun lokacin ba ya bin titin nan in ba dole ba. Sati biyar muna zaune a mota ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Zai raka ni.

Saura abu ɗaya da ke damuna. Uwar yarinyar 'yar zango ce, na san unguwarsu. Zuciyata na son in je in yi mata ta'aziyya, arba'in ta kusa. Ban sani ba ko ya dace, ko zan tayar mata da ciwo ne.

Anti Nas:
Kar ka yanke kafin Alhamis, ka sa shi cikin abin da za ku tattauna. Ka kuma tambayi shugaban tasharku ko ƙa'idar aikinku ta yarda, don sirrin mara lafiya amana ne. In an ce to, kar ka je da kaki, kar ka je kai kaɗai, kuma ka aika a tambaye ta tukuna ko tana so.

Malamin Sawaba:
In ta amince, a bi ta hannun limamin unguwarsu, shi zai san yadda zai shigar da kai. Ka yi gaisuwa da addu'a ka tashi, kar ka buɗe labarin motar sai in ita ta tambaya.

Baba Tsohon Direba:
In an sa rana ka gaya mini. Ina Aboabo ni ma, kusa da tasha. Zo ka ɗauke ni mu je tare.